Randar Tsahara

An ce a zamanin da, an yi wani sarki mai saurin fushi da saurin hucewa. Wata rana ya taka tsingaro a ƙofar fada, ya yanke shi a tafin ƙafa. Kafin jinin ya tsaya har ya sa an yi shela: duk wani fasasshen abu da ke garin, tukunya ce ko ƙwarya, a kwashe a zuba a kwazazzabo, wanda aka kama da ko ɓalli kuwa ya kuka da kansa. Dogarai da cika aiki, har randunan fada masu ɗan tsagu ba su bari ba.

Da fada ta rasa wurin zuba ruwa, sai aka kira Tsahara, shugabar magina tukwane, aka ce ta gina sababbi. Ta gina, ta gasa, duk suka tarwatse a wuta. Ta sake, haka. Sarki ya fusata ya ce, "In ta uku ta fashe, ke da maginanki ku nemi wani garin."

Hankalin Tsahara ya tashi ƙwarai. Ta san dalili sarai: yumɓu ba ya jure wuta sai an daka tsohon tsingaro an kwaɓa shi a ciki. To, amma wa ya isa ya ce wa sarki dokarsa ce ta jawo? Ta je ta durƙusa gaban Waziri Mantau ta faɗa masa. Waziri ya shafa gemu ya ce, "Baiwar Allah, sarki ba ya jin magana da kunne sai ya gani da ido. Doka ta hana ajiye fasasshe, amma ban ji ta hana fasawa ba."

Tsahara ta koma gida. Tsohuwar randa ɗaya gare ta, wadda mahaifiyarta ta gina kafin ta rasu. Ta daɗe tana dubanta, sannan ta ɗaga taɓarya. Tana daka tana hawaye.

Randa ta uku ta fito garau, in ka ƙwanƙwasa har amsawa take. Sarki ya ce, "Me ya bambanta wannan da 'yan'uwanta?"

Tsahara ta ce, "Ranka ya daɗe, waɗancan marayu ne. Wannan kuwa na fasa randar uwata na zuba mata, don sabuwar ƙasa ba ta iya wuta sai da tsohuwa a jikinta."

Kunya ta kama sarki. Nan take ya janye doka, ya sa a tura jakuna kwazazzabo su kwaso wa magina kayansu. Dogarai suka sunkuya za su ɗauki randar su shiga da ita fada, sai sarki ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Ku kai mata gida. Ba a raba 'ya da uwarta sau biyu."