Ƙofar da Haladu Bai Rufe Ba

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba. Ana ce masa Haladu. Abin ya faru ne tun yanar gizo tana baƙuwa a garuruwanmu, zamanin da in ka ce wa dattijo kana da shafi sai ya tambaye ka na wane littafi.

Sana'ar Haladu ita ce tsara wa mutane shafuka a yanar gizo. Mai sabulu ta zo, mai makaranta ya zo, ya ƙera musu inda duniya za ta gan su. Kuma shi ne mai masaukinsu. Ku saurara in fayyace, don na ga wasunku sun ɗaga gira. Shafi kamar baƙo yake, sai da ɗakin da zai sauka. Ɗakin nan wata kwamfuta ce da ba a kashe ta. Ran da ta mutu, duk wanda ya zo neman shafin sai ya tarar da ƙofa a garƙame. Ta Haladu tsohuwa ce, tana kan benci a kusurwar zaure, ya haɗa mata batir da farantin sola, kullum da safe ya share mata ƙura da gefen rigarsa.

Wata rana wani maƙwabcinsa mai suna Mamuda ya shigo da kwali a hannu. Shi Mamuda ɗan Inna Yelwa ne, tsohuwar da ta karantar da matan unguwar nan tsarki da salla da yadda ake laƙƙana wa mai jinya kalmar shahada. Ta riga mu gidan gaskiya. Abin da ya rage nata shi ne kaset-kaset na karatunta da ɗanta ya naɗa, waɗanda ke cikin kwalin, su ma damina ta fara cin su. Haladu ya zauna ya kwashe muryar ya zuba a kwamfutarsa, ya yi mata shafi, ba ado ba ƙyale-ƙyale.

To, Mamuda tafiya ce a gabansa, zai ƙetare hamada neman abinci. Da ya zo sallama sai ya dafa kwamfutar nan ya ce, "Yaya Haladu, ba ajiya na kawo maka ka kulle ba. Ƙofa nake so ka bari a buɗe, duk mai son jin muryar Inna ya shiga. Amana ce har in dawo."

Haladu ya ce, "Na karɓa."

Ku riƙe kalmar nan. Na karɓa. Ba nauyi a harshe, amma ku tambayi wanda ya ɗauka.

Shekaru suka shuɗe, Mamuda ko labarinsa babu. Kaset-kaset ɗin suka ƙarasa ruɓewa. Matan da ke shiga shafin suka ragu, suka ragu, har Haladu ya daina dubawa don kada ransa ya ɓaci. Masu shafuka kuma suka riƙa zarewa ɗaya bayan ɗaya suna komawa manyan kamfanoni. Gida ya yi sanyi. Matarsa Sa'ade ba mai ƙorafi ba ce, amma ya san ma'anar shirun da take yi in ta leƙa tukunya.

Ana nan sai wani kamfani a babban birni ya ga aikinsa, ya aiko masa. Suka ce ya zo, akwai gurbi, amma da sharaɗi: kowa da kayan aikinsa, ya zo da kwamfutar hannu mai ƙarfi wadda za ta ɗauki zane. Sa'ade ba ta yi shawara da kowa ba, ta kora tumakinta kasuwa, ta haɗa masa da abin da ya daɗe yana tarawa. Ranar har da dariya a gidan.

A makon nan ne tsohuwar kwamfutar ta fara wani ƙara, ƙas, ƙas, kamar gara a cikin azara. Ta ɗauke, ya tashe ta. Ta sake ɗaukewa. Wanda ya san aikin ya san wannan ba ciwon da ake warkewa ba ne.

Da ƙarar nan a kunnensa ya tafi kasuwa, rumfar Alhaji Ɗanliti mai kwamfutoci. Alhaji mutum ne mai baki, amma ba ya ha'inci. Ya fito masa da wata siririya mai sheƙi, ya buɗe, ya ce wannan ita ce ta mai zane: allonta yana nuna launi yadda Allah ya yi shi, ƙwaƙwalwarta tana da faɗi, za ka buɗe aiki kan aiki ba ta yi maka nishi ba. Haladu ya shafa ta. Jama'a, ya so ta. Kada wani ya ce muku mutanen kirki ba sa son abu.

Sai Haladu ya nuna wata baƙar akwati a ƙarƙashin tebur, ya tambaya. Alhaji ya ce ai wannan jaka ce, wato macen jaki, ba ta da kyau, ba a ɗaukar ta zuwa ko'ina, amma an yi ta ne don ta yi ta aiki ba hutu, da faifan ajiya biyu, in ɗaya ya gaza ɗaya ya riƙe. Ta masauki ce. Abin da ke aljihun Haladu kuwa ba zai ɗauki biyun ba.

Da Alhaji ya ji dalilin tambayar sai ya yi dariya har hularsa ta goce. Ya ce, "Malam Haladu, kai ma da wasa. Kwashe muryar tsohuwar nan ka zuba a ɗan faifai, ka jefa a akwatin kaya. Ni zan ba ka faifan kyauta. Ba ta ɓata ba, ba ka ci amana ba. In ɗanta ya dawo ka miƙa masa. In ma yana da rai."

Ku saurara da kyau, nan ne jarrabawar take. Shaiɗan ba ya zuwa wa mutumin kirki da mummunan abu tsirara. Da rabin gaskiya yake zuwa, mai sauƙi, wadda kowa zai ce ai ba laifi. Kuma Alhaji bai yi ƙarya ba.

Haladu ya tuna tumakin Sa'ade. Ya tuna tukunya. Ya tuna hannun Mamuda a kan tsohuwar kwamfuta. Sannan ya ce, a hankali, "Alhaji, bai ce in binne masa uwa karo na biyu ba. Cewa ya yi in bar ƙofa a buɗe. Ɗauko mini jakar."

Ya ɗora ta a bayan keke ya tura har gida. Sa'ade ta fito da murna, ta ga baƙar akwati, ta dube shi. Ya yi mata bayani. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi masa sauƙi. Ta ce, "Malam, matattu ka zaɓa a kanmu." Ta shige ɗaki.

Kuna jiran in ce washegari arziki ya sauko? Bai sauko ba. Kamfani ya ba wani gurbin. Haladu ya koma buga wa mutane takardu da gyaran waya a bakin tasha. Samarin unguwa suka sa masa suna mai gadin kango. Sa'ade ta haƙura, ta zauna, amma tumakin ba su dawo ba, dariyar ranar nan ma ba ta dawo ba. Gashinsa ya yi fari, idonsa ya fara hazo. Sau da yawa yakan zauna gaban akwatin nan yana jin kukan fankarta, ya tambayi kansa ko wauta ya yi. Sai ya share mata ƙura ya tashi.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko, wani baƙo ya yi sallama, ramamme, da alamar doguwar tafiya. Ya tambaya ko nan ne gidan mai shafin Inna Yelwa. Ya ce shi abokin zaman Mamuda ne a can ƙasar da suka je, ɗaki ɗaya, aikin gini ɗaya. Ya zo ne da ta'aziyya. Mamuda ya rasu bara, bayan doguwar jinya. Kunya ce ta hana shi aiko da labari, don bai samu abin da ya je nema ba.

Baƙon ya ce da ciwo ya yi tsanani harshen Mamuda ya yi nauyi. Suka yi ta laƙƙana masa shahada, ba ya ko motsi. Sai shi baƙon ya tuna akwai wani shafi da Mamuda kan buɗe a waya duk ran da duniya ta yi masa zafi. Ya lalubo shi, yana tsoron kada ya tarar an rufe. Shafin ya buɗe. Ya kara masa a kunne. Muryar tsohuwa ta fito tana koya wa mata, a hankali, gaɓa-gaɓa, tana cewa ku faɗa bayana.

"Malam," in ji baƙon, "wallahi ya faɗa bayanta. Ita ce maganarsa ta ƙarshe."

Sa'ade, wadda ke tsaye bayan labule tana ji, ta fito ta wuce su biyun, ta je kusurwar zaure. Ta kama gefen mayafinta ta share wa baƙar akwatin nan ƙura.

Haladu ya mutu talaka, kamar yadda ya rayu. Ba ni da wani ƙarin da zan yi muku.

To, 'yan'uwa, ga abin da nake so ku tafi da shi. Amana ba abin da ya yi maka sauƙi ba ce, abin da ka ce ka karɓa ne, yadda ka karɓe shi. Ba a rage ta don mai ita ya yi nisa, ba a naɗe ta don ba mai gani. Yau da yawanku sirrin mutane da hotunansu da muryoyinsu suna hannunku, a waya, a kwamfuta, a wurin aiki. Wani, maraya aka bar masa; wata, tsohuwa aka bar mata. Kowannenmu akwai ƙofar da ya yi alkawarin bari a buɗe. Za a kawo maka abu mai sheƙi, a kawo maka dalili mai kyau na rufe ta. Kafin ka rufe, ka tuna ba ka san wanda ke tahowa ba, ba ka kuma san a wane hali zai ƙwanƙwasa ba.

Allah ya ba mu ikon sauke abin da muka ce mun karɓa.