Mai Sito da Firjin Matar Direba

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, ɗan kasuwa mai sayar da kayan lantarki a kan sari. Mai Sito ake ce masa. Siton nasa dogo ne, in ka tsaya a ƙofa ba ka hango ƙarshensa. Ga firji a jere kamar masu sahu, ga kwalayen dutsen guga har rufi, ga fankoki fiye da talatin suna juyawa tare, kowace da ɗan ƙyalle yana kaɗawa. Bango kuwa talabijin ne birjik, duk hoto ɗaya suke nunawa, kifaye masu launi suna yawo cikin shuɗin ruwa.

Bayan azahar yakan kishingiɗa a kujerarsa, iska tana shafarsa, ya lumshe ido. Sai ya ga benen da zai gina, hawa bakwai, duk gilashi, shi yana can sama gajimare na wucewa ta gefen tagarsa. Buri ba laifi ba ne. Amma da wane tubali za ka gina shi?

A ƙuryar siton akwai wani ɗan ɗaki inda wani dattijo mai gyara yake aiki. Duk kayan da 'yan kasuwa suka dawo da su saboda aibi, nan ake kai su. Wanda ya gyaru, ya gyaru. Wanda bai gyaru ba, Mai Sito ya sa a goge shi, a mayar cikin kwali, a liƙe. Irin waɗannan yake sayar wa masu sayen guda ɗaya, talakawan da suka biyo sauƙin farashi. In suka nemi rasit sai ya yi murmushi ya ce, "Littafin ya ƙare. Ai tsakaninmu amana ce."

Wata rana wata mata ta zo, matar wani direban babbar mota. Ciwon suga ya kwantar da mijinta, likita kuma ya ce allurarsa ba ta son zafi. Ta sayi ƙaramin firji fari, ta tafi tana godiya. Kwana biyar yana ta gurnani a ɗakinta, fitilarsa na ci, ita tana zaton sanyi yake yi. Ashe maganin ya lalace, ana ta yi wa bawan Allah allurar da ba ta aiki. A rana ta shida aka ɗauke shi ranga-ranga sai asibiti.

Ta ɗoro firjin a kura ta dawo.

"Ranka ya daɗe, ba ya sanyi. A canza mini."

"Ina rasit?"

"Kai ka ce littafin ya ƙare. A nan nake tsaye, har ka tambaye ni jikin maigidana."

Ya dube ta, ya dubi firjin. Ya san shi sarai, sau biyu ana dawo masa da shi. Dattijo mai gyara yana tsaye a bakin ɗakinsa da sukundireba a hannu. Mai Sito ya ɗaga yatsa sama ya ce, "Wallahi tallahi wannan kaya bai fito daga sitona ba."

Ya 'yan uwa, kun ji sunan da ya kama? Saboda ɗan firji!

Matar ba ta yi zagi ba. Ta ce, "To, na ji." Ta juya da kurarta.

Dattijon nan ya kwana uku yana juya maganar a ransa. A na huɗu ya tattara kayan aikinsa, ya nemi gidan matar, ya ce, "'Yata, tashi mu je ofishin kare haƙƙin masu saye. Takarda ce ba ki da ita, amma kina da shaida. A bayan firjin nan akwai lamba, ni na rubuta ta a littafina da hannuna."

Ma'aikatan ofishin suka zo siton da safe. Suka farke kwalaye, suka ga tsatsa a ƙarƙashin sabon fenti, suka garƙame ɗakin ƙurya. Labari ya zaga kasuwa kafin la'asar. Ƙananan 'yan kasuwar da ke sari a wurinsa suka fara dawo da kaya, mai aibi da lafiyayye, mota bayan mota. Yana rantsuwa, "Wallahi wannan kam sabo ne," suna dariya. Gaskiya yake faɗi a lokacin, amma wa zai saya?

Kamfanonin da ke ba shi kaya suka kwashe nasu. Sito ya zama fili. Yakan yi ta tafiya a ciki shi kaɗai kamar mai tafiya cikin barci, hasken rana na saukowa ta hujin kwano, sawun firji a ƙasa murabba'i-murabba'i, takunsa na amsawa daga can nesa. Wani lokaci sai ya ji kamar ana sallama a ƙofa, ya juya da fara'a, ba kowa.

Ranar da za a gurfanar da shi a kotu, ya zauna a bakin gado zai sa takalmi, sai ya ji hannunsa na dama kamar na wani. Ya ce wa matarsa, "Wallahi hannuna ya mutu." Ta ce, "Haba maigida, yau ma?" Ya kira babban ɗansa. Ɗan ya ce, "Baba, wannan dabarar ba za ta fisshe mu ba. Tashi mu je." Sun sha ganin ya yi ciwon ƙarya in masu ƙorafi sun biyo shi gida. Suka bar shi ya huce. Sai da bakinsa ya karkace suka gane, likita kuma ya ce da sun kawo shi tun da safe, da wata magana ake yi.

Ni da idona na gan shi, a kan keken guragu a ƙofar gidan haya, yana son ya amsa sallamata, harshe ya ƙi. Direban nan kuwa Allah ya tashi kafaɗunsa, sai dai ya bar tuƙi, idonsa ɗaya ya tafi.

Ya 'yan uwa, haƙƙin mai saye ba a jikin takarda yake ba, a wuyan mai sayarwa yake. Takarda tana ɓata, ruwa yana cinye ta, haƙƙi ba ya ruɓewa. Kai mai saye, karɓi rasit, ka adana, in an cuce ka ka nemi haƙƙinka ta hanyar da ta dace. Kai ɗan kasuwa, in ka san kayanka ne, karɓa ka canza, ko da takarda ko babu. Kai kuma da ka gani ka yi shiru, har yaushe? Rantsuwar ƙarya takan fitar da kaya, amma tare da albarka suke fita. Kuma wanda ya ɓatar da gaskiyar bakinsa a kasuwa, ranar da ya neme ta a cikin gidansa ba zai same ta ba.

Allah ya kiyaye mu da cin haƙƙin bayinsa, ya tsare harsunanmu, ya sa mu sauke nauyin mutane tun muna da bakin neman gafara. Amin.