Ƙasar da Matattu Suka Ƙi Rufe Ido

An ce wani sarki ya yi zamani a wata ƙasa ta bayan duwatsu, wadda yawancin mutanenta Kirista ne, sauran kuwa Musulmi da masu bin addinin kakanni. Kiristan nan suna da wata al'ada da suka gada. Idan ajalin mutum ya matso, sai a sa masa ɗan gicciye na itacen maɗaci a tafin hannu. Ya damƙe, ya yi addu'arsa, ya cika, a shafa masa fuska, ido ya rufe. Da gicciyen ake binne shi. Wani tsohon masassaƙi mai suna Tadawus shi ke sassaƙa su a birnin.

Sarkin nan mai ibada ne, ba wanda ya taɓa musun haka. Amma ibadar da ba a sa mata linzami ba, ita ma tana kada mahayinta. Wata rana ya tara fada, ya ce ƙasar nan ta Almasihu ce, shi kuwa wakilinsa ne, wanda ya saɓa wa sarki ya saɓa wa Ubangiji. Ya sa aka kai karagarsa cikin majami'a, dab da bagade, teburin tsarki. Ya sa aka ɗinka jan gicciye a ƙirjin rigar kowane dogari, aka zana shi a ƙofar kurkuku, aka zana shi a takobin hauni, mai sare kawuna. Wanda ba Kirista ba, a karɓe gonarsa. Kiristan da ya ɓoye maƙwabcinsa ko ya ce uffan, a tafi da shi. Dogarai suka daina sallama a ƙofar gida.

A shekara ta uku, matattu suka daina rufe ido.

Masu wankan gawa ne suka fara raɗe-raɗin. A shafa fuska, ido ya rufe, kafin a ɗebo ruwa ya sake buɗewa. A ɗaura ƙyalle, a kwance, a tarar yana nan yana kallo. Kuma duk wuri ɗaya suke kallo, ƙofar ɗaki. Marasa lafiya kuwa, in an miƙa musu gicciye sai su dunƙule hannu, su juya fuska ga bango.

Sarki ya tambayi wazirinsa dalili. Waziri ya faɗi ya ce, "Ya sarki, ba su ƙoshi da kallon mulkin Allah da ka kafa ba ne." Sarki ya ji daɗi, ya ba shi riga. Mai son yabo ba ya tauna magana kafin ya haɗiye.

Ana nan sai aka zo aka ce Iya Afiniki tana gargarar mutuwa. Ita ce ta shayar da sarki, ta goya shi, bayan mahaifiyarsa ta rasu. Tun da ya hau karaga ta ƙi zaman fada, ta koma ɗan gidanta a unguwar marina. Sarki ya rantse ba za a binne ta ido buɗe ba. Ya aika a gaya wa Tadawus ya kawo gicciyen da ya fi kowane kyau.

Tadawus ya zo hannu wofi, rigarsa duk garin itace.

Sarki ya ce, "Ina abin da na aika ka kawo?"

Ya ce, "Ya sarki, na daina. Yanzu turmi nake sassaƙawa, da muciya. Su ba wanda ke gudunsu."

"Kana cikin ƙasar da na ba Almasihu, ka ce ana gudun gicciye? Majami'u arba'in na gina, kowace ta cika maƙil."

"Na gani, ya sarki. Kurkuku ma ya cika maƙil, ban ji an ce don sonsa ake yi ba."

Fadawa suka sunkuyar da kai. Sarki ya haɗiye fushi, ya ce, "Na haɗa takobi da gicciye ne domin takobi ya tsare shi."

Tadawus ya ce, "Ya sarki, in an ɗaure kura da tunkiya da igiya ɗaya, wa ke jan wani?"

Sarki ya ce, "Gaya mini abin da ya hana matattuna rufe ido."

"In shaho ya kawo sura, ina 'yan tsaki ke gudu?"

"Ƙarƙashin fikafikan uwarsu."

"To, in shaho ya ari fikafikan uwar ya sa?"

Sarki ya ce, "Ba su da wurin gudu."

"Sai su tsaya su zuba ido, ya sarki."

Sarki ya ce wannan tatsuniyar tsofaffi ce. Ya ɗauki nasa gicciyen na zinariya, ya ce Tadawus ya biyo shi ya gani da idonsa.

Rana tsaka suka fita, dogarai gaba da baya. Duk lungun da suka shiga, sai ƙofofi su rufe ɗaya bayan ɗaya. Taɓarya a cikin turmi, ba mai daka. Zane a kan igiya yana ɗigar ruwa, ba mai shanya. Ko kare bai yi haushi ba. Sarki ya ɗauka girmamawa ce.

A ƙofar gidan ya tambaya, "Ina Gayus, ɗanta? Me ya hana shi fitowa ya tarye ni?"

Tadawus ya ce, "Bara aka tafi da shi. Ya ɓoye iyalin maƙwabcinsa, Ɗalhatu marini, a rumbu."

"Ba wanda ya gaya mini!"

"Wa zai gaya maka? Wanda ya yi kuka da kai ya yi kuka da Allah. Kai ka faɗa."

Sarki ya shiga ɗaki, gicciyen rigarsa yana walƙiya. Tsohuwar tana kwance, ta zama ƙashi da fata. Da ganinsa sai ta ja jiki ta manne da bango, ta ɗaga hannu biyu, tana cewa, "Ba kowa a gidan nan. Na roƙe ku. Kun riga kun ɗauki ɗayan."

"Iya, ni ne."

Ba ta dubi fuskarsa ba. Ƙirjinsa take kallo.

Sarki ya fito da baya da baya. Ya tsaya a tsakar gida, ya tuɓe rigar, ya ajiye gicciyen zinariya, ya karɓi tsohuwar rigar Tadawus ya sa. Sa'an nan ya sake shiga, ya durƙusa.

Ta ƙura masa ido, ta shafa kumatunsa. "Ɗan lelena! Kai ne? Dubi yadda ka rame. Duk matan fadar nan ba mai iya tuwo?" Sai kuma ta damƙe wuyan hannunsa, ta rage murya. "Yi shiru. Masu alama suna waje, yanzun nan babbansu ya fita. Sun raba ni da Gayus, kai kam ba zan ba su ba. Zo nan."

Ta jawo kansa, ta lulluɓe shi da zanenta, ta dafe. Sarki mai majami'u arba'in ya zauna cikin duhun zane yana jin numfashinta, yana ji, yana ji, har hannun da ke kansa ya yi nauyi.

Da ya fito, ta riga ta cika, idonta na kan ƙofa. Ya shafa, idon ya rufe, ya buɗe. Ya sake shafawa, ya buɗe. Sau uku.

Ya ce, "Ya Tadawus, me take kallo?"

"Gadinka take yi, ya sarki."

"Daga wa?"

"Daga kai."

A ranar sarki ya shiga majami'a, ya ɗauko karagarsa da hannunsa ya fitar. Ya sa aka warware ɗinkin rigunan dogarai, aka kankare ƙofar kurkuku, aka buɗe ta. Aka mayar wa masu gona gonakinsu. Gayus ya fito yana dafa bango, ya tarar da gawar uwarsa, ya shafa fuskarta shi ma, ba ta rufe ido ba. Haka aka binne ta. An ce sai da aka shekara bakwai kafin a sami gawar da ta yarda ta rufe ido a ƙasar nan, domin tsoro ya fi zare wuyar warwarewa.

Sarki ya riƙe ma'aunin adalci, ya bar wa Allah sunansa. Wanda ya ɗinka sunan Allah a rigar zalunci bai wanke rigar ba, sai dai ya kori bayin Allah daga ƙofar Allah.