Ranar da Giwa ta Durƙusa wa Kwaɗo

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu saurara.

Kura ce garinta ya yi mata kaɗan, sai ta dasa gamba ta kewaye fadamar kwaɗi. Amma a dajin nan iyaka ba ta tabbata sai Giwa, uwar ƙasa, ta taka ta.

Kwaɗo yana laɓe cikin taɓo ya ji ƙasa na girgiza. Giwa ta iso, inuwarta ta rufe fadama.

Kura ta ce, "Ranki ya daɗe, taka kawai."

Giwa ta ce, "Masu wurin fa?"

"Sun yi shiru, ai sun yarda."

Sai Kwaɗo ya ga abin da kakanninsa ba su taɓa gani ba. Giwa, duk girmanta, ta durƙusa, ta shimfiɗa kunnenta a taɓo dab da bakinsa.

Kwaɗo ya raɗa mata, "Uwa, shirun tsoro ne."

Giwa ta miƙe, ta tuge gambar da haurenta, ta cinye.

Shi ya sa kwaɗi ke cika fadama da kuka duk damina, kada wani ya sake cewa sun yarda.

Ƙurunƙus, kan ɓera ya faɗa taɓo.