Jaririn da Ya Zo Fari a Hindawiyya

Akwai wani direban tasi a unguwar Hindawiyya ta Makka, cikin shekarun 1960, mai suna Mukhtaru. Haifaffen Makka ne, takardunsa cikakku, kuma ba ya bari a manta da hakan.

Matarsa Zinariya kuwa daga ƙasar Sakkwato ta zo Hajji da ƙafa, ta zauna. Ba ta da iƙama, wato izinin zama. Aurensa ne kaɗai rufin asirinta. Lokacin Hajji takan yi wa alhazan Turkiyya girki a wani masauki.

Da ta haihu, yaron ya zo fari tas, har gashin ido. Mukhtaru ya dube shi, ya ƙirga watanni zuwa Hajjin da ya wuce.

"Girki kawai kika yi wa Turkawan?"

"Maigida, ka ji tsoron Allah," in ji Zinariya. "Zabiya ne. A garinmu ma ana haifa."

"A garinku. Mu gidanmu baƙaƙe ne tun kaka da kakanni. Halas, magana ta ƙare!"

Bai yanka ragon suna ba. Ya sake ta, sannan da bakinsa ya shaida wa 'yan sanda ba ta da takarda. Aka sa ta a jirgin ruwa daga Jidda, da jaririn a goye.

Mukhtaru ya auri Sa'adiya, 'yar baffansa, wadda ko ƙofar gida ba ta leƙawa. "Jini ɗaya, ba gauraye," yake gaya wa abokai a wurin shan shayi.

Haihuwarta ta fari mace ce, baƙa. Ta biyu namiji, fari tas.

Gwaggonsa Hajara ce ta karɓi haihuwar. Ta miƙo masa jaririn.

"To, ɗan nan, yau kuma wane Baturken za a kama?"



"Kakanku yana da ƙane zabiya mai suna Isa," in ji ta. "A hanyar Sudan ya rasu, suna tahowa Makka. Ba a faɗa muku ba, ana jin kunya."

"Gwaggo, kina gani na kori Zinariya, kika yi shiru?"

"Na yi. Kai ba ka tambaya ba, ni ban so tonon asirin gida ba."

Daga nan duk Hajji sai ya bi masaukan Sakkwatawa yana cigiya. Wata shekara ya dace da wata hajiya 'yar garinsu Zinariya.

"Kai ne direban? Tana nan, ta yi aure. Yaron dai bai kai tudu ba, zafin jirgi ya fi ƙarfinsa. A teku aka sa shi, ko suna ba a raɗa masa ba."

"Ba ta ba da saƙo ba?"

"Ta bayar. Ta ce in na gan ka, kada in gaishe ka."

Darasi: Launin fata wani sinadari ne da jiki ke yi, jikin zabiya kuwa ba ya yin sa isasshe. Zama zabiya gado ne da sai uwa da uba sun haɗu suke bayarwa, kuma yakan kwanta a jinin baƙar fata zuriya bayan zuriya ba a sani ba. Kafin ka zargi matarka, tambayi tarihin gidanku. Wanda ya sani kuma, kada ya yi shiru. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu shirin aure.