Marinin da Ya Rina Kwikwiyon Amana

Ga ta nan tafe, ga ta nanku!

Ta ƙaraso mu ji ta!

A wani gari an yi wani marini, sunansa Shekarau. Rini dai ya iya shi, wannan babu ja. In ya tsoma zane a shuni, sai zanen ya tsufa ya yage bai koɗe ba. Amma fa akwai cika baki. Kowa ya bi ta karofi, inda ramukan rini suke, sai ya ji muryarsa: "Ni abu bai taɓa koɗewa a hannuna ba." Ya faɗa da safe, ya faɗa da rana, har sauran marina suka haddace.

Yana da amini maharbi, ana ce masa Jatau. Ran nan sai ga Jatau a karofi da jakar fata a kafaɗa. Ya sa hannu ya fito da ɗan kwikwiyo, baƙi wuluk, bai fi tafin hannu ba. Irin ƙananan karnukan nan ne da ba sa girma, ko sun tsufa ba sa wuce kyanwa, aikinsu shiga ramin gafiya.

Jatau ya ce, "Aboki, farauta za ni mai nisa, sai kaka ta zagayo. Uwarsa tana can daji tana jirana, shi kuwa ƙafarsa ba ta yi ƙwari ba. Sunansa Duna. Ga amana."

Shekarau ya ɗaga kwikwiyo sama don kowa ya gani. Ya ce, "Ku shaida! Yadda ya ba ni shi baƙi wuluk, haka zai karɓe shi. Ko gashi ɗaya ba zai sake ba."

Jatau ya ce, "Ai shi wannan irin..."

Shekarau ya katse shi. "Haba, ni za ka koya wa launi? Sauka lafiya!"

Jatau ya yi dariya, ya saɓa bakansa ya tafi.

Duna ya sha kunu, ya sha nono, ya yi ɓul-ɓul. Wata ɗaya, wata biyu, wata uku. A na huɗu Shekarau yana shafa bayansa, sai ya ga wani fari-fari a ƙeya kamar an barbaɗa toka. Ya hura, bai tashi ba. Ya goge, bai fita ba.

Kashegari kwikwiyo ya biyo shi karofi. Wani marini ya leƙo ya ce, "Kai, Shekarau, karen nan naka ruwa nawa aka yi masa? Na ga ya fara zuba." Karofi ya ɗauki dariya. Shekarau ya yi yaƙe, amma kunya ta riga ta kama shi har wuya. Ya cusa Duna cikin riga ya yi gida.

Ya zauna ya yi tunani irin na marina. Me ke cin launi? Rana. Sai ya kulle Duna a ɗaki, ya toshe taga da tsumma. Daga cikin ɗaki kwikwiyo ya dinga waƙa:

"Maigida, buɗe, maigida, buɗe,
Baƙin ƙuruciya ne ke tafiya.
Uwata toka, kakata toka,
Ni ma hanyarsu na kama."

Matarsa Tasalla ta ce, "Malam, ka ji abin da yake faɗa?"

Ya ce, "Na ji. Shekara talatin ina rini, sai kwikwiyo ne zai gaya mini yadda launi yake?"

Bayan wata guda ya buɗe ɗaki. Tokar ta sauko daga ƙeya ta rufe gadon baya, ƙafafu kuma sun soma yin ja-ja kamar jar ƙasa. Shekarau ya kama kai.

Ya sake tunani. Ya kankaro baƙin tukunya, ya kwaɓa da man shanu, ya shafe Duna tun daga hanci har wutsiya. Duna yana atishawa yana waƙa:

"Maigida, bari, maigida, bari,
Baƙin ƙuruciya ne ke tafiya.
Uwata toka, kakata toka,
Ni ma hanyarsu na kama."

Shekarau ya yi kunnen uwar shegu da shi. Ya fito da shi karofi yana taƙama. Ba a jima ba hadari ya haɗo, ruwa ya sauko. Baƙin tukunya ya bi ruwa, ya bar kare dabbare-dabbare. Shekarau ya jefa masa zane ya rufe shi kafin idon mutane ya kai, ya ruga gida da shi.

Tasalla ta ce, "Malam, don Allah ka bar dabbar nan. In Jatau ya dawo ka gaya masa gaskiya, ka ce ga yadda ya koma."

Ya ce, "In ce masa me? A gaban mutane na cika baki. In tsaya a karofi in ce abu ya koɗe a hannuna? Gara in bar garin."

To, kun san mai jin kunyar ƙaramin abu, babba yake janyowa. Shekarau ya ɗebo shuni mai kyau, wanda yake ajiye wa rawunan manya. Ba zai kai kare ramin karofi ba, marina su cinye shi ɗanye. Sai ya haɗa ruwan rini a kwatarniya a bayan ɗaki. Ya kama Duna ya tsoma, ya ɗaga ya sha iska, ya tsoma, ya ɗaga, kamar yadda ake yi wa zane. Ruwan ya shiga idon kwikwiyo, ya shiga hancinsa. Wannan karon muryar ta yi ƙasa ƙwarai:

"Maigida, zafi, maigida, zafi,
Baƙin ƙuruciya ne ya tafi.
Uwata toka, kakata toka,
Wa zai gane ni yanzu?"

Shekarau ya kau da kai, ya sake tsoma shi. Duna ya fito baƙi wuluk har yana ƙyalli. Daga ranar bai ƙara waƙa ba, bai ƙara kaɗa wutsiya ba. Sai ya kwanta a gindin rumbu ya sa kai a ƙafa.

Kwana ashirin da yin haka aka yanke gero, sai ga Jatau ya dawo. Kai tsaye karofi ya nufa, ana tsakar aiki, mutane cike. A bayansa wata 'yar karya ce ke tafe, launin toka, ƙafafunta ja-ja. Ita ce Kurciya, uwar Duna.

Shekarau ya gan ta. Ya dubi bayanta, ya dubi ƙafafunta. Nan take waƙar nan ta dawo masa a kunne. Amma bakin da ya saba ba ya jiran mai shi. Ya aika aka kawo Duna, ya ɗaga shi sama ya ce, "Ga amanarka, yadda ka ba ni!"

Jatau ya duba, ya juya shi, ya ajiye a ƙasa. Ya ɗaure fuska. Ya ce, "Shekarau, ina karena?"

"Ga shi a gabanka."

"Wannan ba nawa ba ne. Irin namu baƙaƙe ake haifarsu, kafin shekara su koma launin toka, ƙafa ta yi ja. Haka uwarsa ta yi, haka kakarsa. Abin da na so gaya maka ke nan ka katse ni. Kare mai shekara guda da baƙi haka ba ɗan Kurciya ba ne. In ya mutu ka ce ya mutu, in ka sayar ka ce ka sayar. Amma kada ka musanya mini."

Masu juya rini suka tsaya da sanduna a hannu. Can wani ya ce ƙasa-ƙasa, "Ashe Shekarau yana cin amana."

Jatau ya ce, "Kurciya, duba min." Kurciya ta matso ta sansana kai, ta sansana baya, ta sansana wutsiya. Ta ja da baya ta ce, "Warin shuni nake ji. Ban ji ɗana ba."

Duna ya dubi uwarsa, ya buɗe baki, kuka kawai ya fito.

Wannan kukan shi ya karya Shekarau. Da ƙasa za ta tsage da ya shige. Ya durƙusa a bakin ramin rini, kansa a sunkuye, ya ce, "Jatau, naka ne. Ban sayar ba, ban musanya ba. Launinsa ya sake, na ji kunya, na rina shi."

"Ka yi me?"

"Na rina shi. A kwatarniya."

Wasu suka fashe da dariya, wasu suka yi salati. Jatau bai yi dariya ba. Ya ce, "In rini ne, a wanke mu gani."

Aka kawo ruwa aka wanke, bai fita ba. Aka kawo sabulun salo, bai fita ba. Aka kawo ruwan tsamiya, ko gezau. Rinin Shekarau ne fa, ba ya koɗewa. Abin da ya yi shekara talatin yana alfahari da shi, yau shi yake roƙon Allah ya zuba, ya ƙi.

Sai Duna ya ɗago kai ya ce, "Maigida, ka rina gashin da ka gani. Wanda ya tsiro bayan nan ba ka rina shi ba. Buɗe ka duba gindinsa."

Shekarau ya sa yatsunsa masu shuni ya buɗa gashin ƙeya. Can ƙasa, jikin fata, ga toka nan fes. Ya buɗa na ƙafa, ga ja. Ya ari aska wurin wanzami, ya zauna a gaban kowa yana aske rininsa da hannunsa. Baƙin gashi yana zuba ƙasa, hawayensa suna bin sa. Da ya gama, sai ga ɗan kare tsirara, fatarsa duk ƙuraje inda ruwan rini ya ci, idonsa jawur, yana rawar ɗari.

Kurciya ta matso ta sansana sau ɗaya. Ta ce, "Ɗana ne." Ta hau lasarsa.

Shekarau ya dubi ƙurajen nan. Dariyar marina ta daina damunsa. Wata kunyar ce ta zo, wadda ta fi ta farko nauyi. Ya kwance rawaninsa, mafi kyawun abin da ya taɓa rinawa, ya lulluɓe Duna da shi. Ya ce, "Duna, ka yafe mini."

Duna ya ce, "Na yafe, maigida. Amma sau uku na gaya maka."

Jatau ya ɗauki karensa cikin rawanin. Ya ce, "Aboki, da ka miƙo min shi launin toka, da na rungume ka na ce ka iya riƙo." Ya juya ya tafi, Kurciya tana biye.

Shekarau ya zauna a bakin rami, kai babu rawani, har aka tashi daga aiki. Gashin Duna ya sake tsirowa, toka a baya, ja a ƙafa, ya zama gwanin ramin gafiya. Aminan sun shirya daga baya. Amma har Shekarau ya tsufa ba a ƙara jin ya ce abu bai taɓa koɗewa a hannunsa ba.

To, kun ji. Yaro ya girma ya sake kama, ba abin kunya ba ne. Wanda ya ɓoye abin da ba laifi ba, shi ne yake ƙarewa da laifin gaske.

Ƙurunƙus! Kan ɓera ya faɗa kwatarniyar shuni, wanda ya ce ƙarya na yi ya sa hannu ya ciro.