Kibiyar Zaharaddini a Cinyar Gadu

Akwai wani manomi a Jajaye, can ƙasar Rogo, sunansa Zaharaddini. Ba shi da abokin faɗa, amma Allah ya ɗora masa son a ce ya iya. Ko gatari ya wasa sai majalisa ta ji labari.

Wata shekara gadu, aladen dajin nan mai haure, ya addabi gonar gyaɗarsa da ke bakin rafi. Kullum ya je sai ya tarar an tone kunyoyi, an watsar da ɓawo. Da abin ya ishe shi, sai ya tafi wurin Baba Barau, tsohon maharbin garin, ya roƙi a koya masa harbi.

Baba Barau ya ba shi baka da kibau marasa dafi, ya ce ya yi ta gwada hannu a jikin buhun ƙaiƙayi tukuna.

"Kada ka taɓa gadun nan sai ina kusa," in ji tsohon. "In kuwa tsautsayi ya sa ka harba bai faɗi ba, ko ruwa kada ka sha sai ka zo ka gaya min. Gadu mai lafiya gudun mutum yake yi. Mai rauni kwanciya yake, ya jira duk wanda ya gifta."

"Na ji, Baba."

Ya ji ɗin, amma da kunne ɗaya. Buhu bai gama hujewa ba ya fara cika baki a teburin mai shayi, wai kafin kasuwa ta zagayo za su ga haure a hannunsa.

Ran nan da la'asar sakaliya ya tafi gona shi kaɗai, ya laɓe bayan wata sabara. Can sai ga gadu ya fito, ƙato, yana huci yana tonon ƙasa. Ashe ba haka yake a baki ba! Zufa ta cika wa Zaharaddini ido. Ya ja tsarkiya ya saki, bai ma san inda ya auna ba.

Kibiya ta kafe a cinya. Dabbar ta yi wata ƙara mai tada tsigar jiki, ta faɗa duhuwar da ke gefen gonar Jibo maƙwabcinsa, tana jan ƙafa.

Zaharaddini ya kwasa a guje. Ya zo ƙofar gidan Baba Barau ya tsaya, sai ya tuna dariyar da za a yi masa a majalisa. Ya ce a ransa, "Ai kafin gobe ya mutu." Ya wuce gida, ya ɗaga kofin ruwa ya shanye.

Washegari da hantsi yana karyawa, ya lura ɗakin mahaifiyarsa a rufe.

"Sadiƙa, ina Inna?" ya tambayi matarsa.

"Ta fita tun ɗazu, Malam. An gama cire gyaɗar Jibo, ta tafi roro kafin mata su riga ta."

Cokali ya suɓuce daga hannunsa. Inna Talatu tsohuwa ce, kunnenta ya yi nauyi, in ta sunkuya tana tsintar ragowar gyaɗa ko ganga aka buga ba ta ɗagowa. Ya fizgi baka ya fita ba takalmi.

Hanyar ta gaban mai shayi ta bi, ga majalisa a cike, har da Baba Barau. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Jama'a, na harbi gadu jiya bai mutu ba!" ya kwarma ihu. "Yana gonar Jibo, Inna tana can!"

Ba wanda ya yi dariya. Baba Barau ya miƙe ya nufi gida ɗauko kwarinsa, Zaharaddini kuwa bai jira kowa ba.

Ya hango ta daga nesa, a sunkuye da 'yar ƙwaryarta, tana matsawa a hankali wajen duhuwar. A kan kunya ga busasshen jini ɗigo-ɗigo, ita ba ta ma lura ba. Ya ƙwala mata kira.

"Inna! Inna, dawo baya!"

Ba ta ji ba. Wanda ya ji shi ne na cikin duhuwa. Ciyawa ta motsa, ƙudaje suka tashi, sai ga kai ya ɓullo, ga haure, ga kibiyarsa har yanzu tana lilo a cinya.

Ya ɗora kibiya, ya kasa aunawa. Ya yar da bakan, ya ruga ya ture tsohuwar gefe, ya faɗi a inda take. Haure ya tsarge masa cinya har kusa da gwiwa. Yana kwance yana salati ya ga dabbar ta juyo za ta sake, sai kibiyar Baba Barau ta shige ta bayan kafaɗa. Ta yi taga-taga, ta kife.

Inna Talatu ta cire mayafinta ta ɗaure masa ƙafa. Da ta ga kibiyar farko ta gane ta, don a tsakar gidanta ake wasa su.

"Kai ka harbe shi?"

"Ni ne, Inna. Jiya."

Ta dube shi, hawaye na zuba.

"Da ka faɗa min jiya, ai da na zauna a gida."

An yi masa ɗinki a asibiti, ya warke, amma har yau da ɗingishi yake zuwa masallaci. Ya ce ciwon haure ya daɗe da wucewa, maganar Inna ce ba ta wuce ba.

Darasi: Kuskure ba abin kunya ba ne, ɓoye shi don gudun dariya shi ne masifa. Abin da ka raunata ka yi shiru ba ya mutuwa, kwanciya yake a hanyar wanda ka fi so. In ka yi ɓarna, faɗa tun da wuri. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai mai kibiya a daji da bai gaya wa kowa ba.